Barewa Mai Karkatacciyar Ƙafa

A zamanin da ƙasar Ingila take rarrabe, kusan kowane kogi da sarkinsa, an yi wani sarki a birnin Kelmar ana ce masa Turstan. A shekara ta shida ta sarautarsa mahara suka sauko daga teku ta gabas, sai ya kwashi dakarunsa ya tafi ya tare su. Ya bar gari a hannun Waziri Godrik da tsohon Sarkin Yaƙi Wistan, amma mabuɗan ƙofar birni bai ba ko ɗayansu ba. Matarsa Sarauniya Idoniya ya danƙa wa, ita kuwa tana da cikin wata takwas.

To, gidan sarautar nan yana da wata al'ada da ba a wasa da ita. Idan haihuwar sarauniya ta rage wata guda, sai ta shiga ɗaki. A rufe tagogi da labulen ulu, a bar ɗaya tak don iska. Daga ranar babu ɗa namijin da zai tsallake dokin ƙofar, ko da Sarki ne da kansa, kuma ba a shigar da mummunan labari. Mata ne ke kai abinci, mata ke hura wuta, mata ke gadin ƙofa. Shugabarsu kuwa ita ce Uwar Ɗaki Hawisa.

Hawisa gajeruwar dattijuwa ce mai kaifin harshe, matar marigayi Madawaki. Ko Sarki idan ya ji takunta sai ya gyara zama. Ita aka ba riƙon Idoniya tun tana shekara huɗu, ta haɗa ta da 'yar cikinta Sibila ta rene su ɗaki ɗaya, ta koya musu aikin allura. Sibila ta fito gwana, wadda babu kamarta a ƙasar. Amma uwar ba ta taɓa yaba mata ba, don tsoron kada a ce ta fifita tata a kan 'yar riƙo. Duk abin da Sibila ta ɗinka, sai Hawisa ta juya bayansa ta duba, ta taɓe baki, ta ce, "To, babu laifi." Iyakarta ke nan. Ita kuwa Idoniya, Allah bai haɗa jininta da allura ba. In ta ɗinka fure sai ya fito kamar kwaɗo.

Su ukun nan suka ɗinka tutar yaƙin Sarki, farar barewa a kan koren ƙyalle. Idoniya, tana amarya a lokacin, ta nace sai an bar mata ko da ƙafa ɗaya. Aka bar mata ta baya, ta hagu. Ƙafar ta fito a karkace, har da ɗan kumburi a gwiwa. Hawisa ta ɗauki almakashi za ta warware, sai ga Sarki ya shigo. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce duk wanda ya taɓa ƙafar nan ya taɓa shi. Haka tutar ta tafi yaƙi. Maza ba su taɓa lura ba, domin su daga ƙasa suke hango ta a kan dogon sanda, iska na kaɗa ta. Bayan shekara guda Sibila ta auri Ranulf, Galadiman Arewa, ta bi shi can ƙasarsa.

Kwana ashirin da shigar Sarauniya ɗaki, hankaki suka cika kan hasumiyar fada tun da safe suna ta kuka. Masu fassara alamu suka ce jini ne zai zuba. Hawisa ta ce mai dafa abinci ne ya zubar da hanji a bayan katanga, a je a kwashe. Sai dai kafin rana ta take, masu gadin ganuwa suka hango runduna ta sauka a hayin kogi, kuma ba ta Sarki ba ce. Ranulf ne. Ya turo jakada da ganye a kan mashi, aka shigo da shi zauren fada.

Jakadan ya tsaya gaban majalisa ya ce, "Gaisuwa daga ubangidana Ranulf, Galadiman Arewa, mai garuruwa bakwai, zuwa ga manyan Kelmar. Bayan gaisuwa, Sarki Turstan ya faɗi a bakin teku, yau kwana biyar. Ga shaida."

Ya kwance ƙunshi ya shimfiɗa a kan tebur. Koren ƙyalle ne, ya yayyage, ya sha jini da taɓo, ga farar barewa a tsakiya. Wani tsohon hakimi ya fashe da kuka.

Jakada ya ci gaba. "Ubangidana ba ya son jinin kowa. Ku buɗe ƙofa kafin tsakar ranar gobe, ku miƙa Sarauniya ta zauna ƙarƙashin inuwarsa. Uwargidansa Sibila tana sansani, ita za ta karɓe ta. In kun yi haka, ko kaza ba za a taɓa ba. In kun ƙi, wuta."

Babu wanda bai gane ba. Ranulf ɗan baffan Sarki ne, kuma abin da ke tsakaninsa da gadon sarauta shi ne cikin nan na Idoniya. In ta shiga hannunsa, abin da za ta haifa ba zai ga kaka ba.

Waziri Godrik ya miƙe. Ba mugu ba ne, mutum ne mai lissafin rayuka. Ya ce, "Ya ku manyan ƙasa, Allah ya ji ƙan Sarki. Na so shi kamar ƙanena. Amma akwai mutum dubu huɗu a cikin ganuwar nan, mata da yara da tsofaffi. Wa za mu jira? Wanda zai kawo mana ɗauki ga tutarsa nan a gabanmu."

Sarkin Yaƙi Wistan ya ce, "Mutanena ɗari biyu ne, rabinsu furfura ta fi haƙoransu yawa. Zan riƙe ganuwa kwana uku, ko huɗu in Allah ya so. Amma ban ga amfanin riƙe ta ba idan babu mai zuwa."

Aka yi ta jayayya, wannan ya kawo, wancan ya ture, har shawara ta tsaya a kan a buɗe. Sai a lokacin suka tuna mabuɗan suna ƙarƙashin matashin Sarauniya, a ɗakin da babu ɗayansu da zai iya shiga. Aka aika a kira Uwar Ɗaki.

Hawisa ta shigo da kwandon zarenta a hannu. Ta saurari Waziri har ya gama, fuskarta ba ta motsa ba. Sannan ta ce a ba ta tutar.

Waziri ya ce, "Uwar Ɗaki, yau ba ranar duba ɗinki ba ce."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, kai in an kawo maka takarda ai hatimi kake fara dubawa. Ka bar ni in duba nawa."

Ta ja tutar zuwa hasken taga. Idonta ya tafi kai tsaye ga ƙafar baya ta hagu. Ƙafa ce miƙaƙƙiya sambal, kyakkyawa, babu kumburi, babu karkata. Ta juya bayan ƙyallen kamar yadda ta saba, ta tarar da shi tsaf kamar gabansa, babu ƙulli ko ɗaya, an cusa bakin kowane zare ƙarƙashin ɗinki uku an dawo da shi ɗaya. Mutum biyu ne kaɗai a duniya suke ɓoye zare haka, ita da yarinyar da ta koya wa.

Nan take ta gane komai. Ranulf ya sa Sibila ta ɗinka masa irin tutar, tun da da hannunta aka yi ta farko. Sibila kuwa tana zaune a wurin ranar da Sarki ya yi dariyar ƙafar nan, ta san karkatarta kamar tafin hannunta. Da ta so, da ta karkata ta daidai. Da gangan ta miƙe ta, ta kuma san idon da zai gani.

Hawisa ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ga jakadan ya zuba mata ido. Idan ta faɗi dalili a zauren nan, kafin la'asar maganar tana kunnen Ranulf, kuma ba zai sha wahalar gane wadda ta yi masa haka ba. Ko an tsare jakadan, zauren cike yake da bakuna. Sai ta haɗiye maganarta, ta naɗe tutar, ta ce, "Zan kai wa Sarauniya ta gani da idonta." Haka matar da ta fi kowa tsare al'ada ta ɗauki mummunan labari ta shiga da shi ɗaki.

Ta kori sauran matan zuwa ƙuryar baya. Idoniya na jingine da matasai, ta bi ta da kallo.

"Inna, kin shigo ba ki yi wa kowa faɗa ba. Me ya faru?"

Hawisa ta shimfiɗa tutar a kan gado. Idoniya ta ga jinin, ta dafe ciki, kuka ya taso mata. Tsohuwar ta riƙe mata kafaɗa da ƙarfi.

"Kafin ki ɓata mini hawaye, dubi aikinki tukuna."

Idoniya ta share ido ta duba. Ta sake dubawa. Sai ga dariya ta ƙwace mata a tsakiyar kuka.

"Inna, wannan ba ni ba ce. Ni yaushe na taɓa ɗinka abu ya miƙe haka?"

"Ba ki taɓa ba, tun da na san ki."

"To Sarki yana raye ke nan?"

"Wannan Allah ya sani. Abin da ni na sani shi ne tutarsa tana hannunsa. Da ya faɗi, da ta gaskiyar suka kawo, ba su wahalar da allura ba."

Idoniya ta shafa ƙafar barewar da yatsa, ta juya bayanta kamar yadda aka koya mata. Dariyar ta ɗauke. Ta ce a hankali, "Yaya Sibila."

"Rufe bakinki. Sunan nan kada ya fita daga ɗakin nan."

"In ba mu faɗi dalili ba, za su ce mata biyu sun haukace."

"Su ce. In mun faɗa, ita za ta biya." Muryar Hawisa ta karye a nan, abin da Idoniya ba ta taɓa ji ba. "Ta saka wuyanta a kan takobi saboda ke. Ba ni zan tura shi ba."

Idoniya ta kama hannun tsohuwar ta sumbata. Sannan ta ce a taimaka mata ta tashi, a kira majalisa bakin ƙofa.

Manyan Kelmar suka taru a soro, ƙofa rufe a gabansu. Muryar Sarauniya ta fito ta bayan katako, ba rawa a cikinta.

"Waziri, Sarkin Yaƙi, da ku hakimai, ina gaishe ku da ɗawainiya. Na ga abin da aka kawo. Ina shaida muku Sarki bai faɗi ba. Mabuɗan da ya ba ni a hannunsa zan mayar da su. Ku sallami jakada, ku ce wa Ranulf ƙofar Kelmar a rufe take."

Waziri ya durƙusa a bakin ƙofar ya ce, "Allah ya ja zamaninki, kowace mace tana ƙin yarda da irin wannan labari a ranar farko. Ki ba mu hujja. Rayuka dubu huɗu ba a jingina su a kan bege."

Ta ce, "Hujjata tana wurina, kuma akwai ranar da za ku ji ta. Yau ba ita ce ranar ba."

Wasu hakimai suka fara gunaguni, har wani ya ce a kawo gatari a ɓalle ƙofar. Sai ƙofar ta buɗe kaɗan, Hawisa ta fito da 'yar kujerarta, ta dasa ta a tsakiyar hanya, ta zauna, ta zura zare a allura.

Ta ce, "Wanda uwarsa ba ta haife shi a ɗaki irin wannan ba, ya zo ya wuce."

Babu wanda ya motsa. Ana cikin haka wata baranya ta zo wucewa da tulu, ruwa na ɗiga, Hawisa ta juya ta wanke ta tas da faɗa. Sarkin Yaƙi Wistan ya tsaya yana kallonta, yana shafa gemu.

Ya ce, "Ya ku manya, shekara arba'in na san matar nan. Ban taɓa jin ta ce abu ya yi kyau ba, ban kuma taɓa jin ta yi ƙarya ba. Ranar da Madawaki ya rasu, kwana bakwai ba ta yi wa kowa faɗa ba. Yau kuwa ga ta nan tana yi. Ni dai na hau ganuwa."

Ya sa aka tara ɗanyen itace a kan hasumiya aka cinna wuta, baƙin hayaƙi ya miƙe sama, ƙauyen gaba ya gani ya kunna nasa, na gaba da shi ma haka, har zuwa gabas. Alamar neman ɗauki ke nan a ƙasar. Ko akwai mai ganinta, babu wanda ya sani.

Washegari da rana ta take, Ranulf ya busa ƙaho. Suka zo da tsani, aka ture su da sanduna masu ƙugiya. Suka dawo da kibau masu wuta, rufin kasuwa ya kama, mata suka yi layi daga rijiya suna miƙa guga. Ranar farko an rasa mutum goma sha tara. Duk gawar da aka sauko da ita sai an wuce da ita ta gaban fada, kuma Hawisa ba ta taɓa kawar da kai ba, domin ta san shirunta yana cikin abin da ya kashe su. Rana ta biyu kibiya ta sami Wistan a cinya, ya sa aka ɗaure shi a jikin ginshiƙi don ya ci gaba da ba da umarni a tsaye. Waziri Godrik, wanda bai fasa cewa kuskure ake yi ba, ya tuɓe alkyabbarsa ya shiga ɗaukar duwatsu zuwa kan ganuwa har tafukansa suka fashe.

Rana ta uku da hantsi naƙuda ta kama Sarauniya. A daidai lokacin mutanen Ranulf suka kawo wani ƙaton gungume mai bakin ƙarfe suka fara dukan ƙofar birni. Kowane bugu sai an ji shi a cikin ɗaki, kofuna na rawa a kan tebur.

Idoniya ta damƙe hannun Hawisa, gumi na zuba, ta ce, "Inna, in mun yi kuskure fa?"

"In mun yi, tare muka yi. Yanzu ki bar mini yaƙi, ki yi naki aikin. Wannan kam ba za ki karkata shi ba."

Ƙofar birni ta tsage daga sama. Sai wani ƙaho ya amsa daga tudun gabas, mai kauri, ba irin na Arewa ba. Hawisa ta leƙa ta tagar nan guda ɗaya. Mashi da sulke suna ƙyalli a kan tudu, sahu bayan sahu, a gabansu koren ƙyalle yana kaɗawa. Nisa ya hana ta ganin ƙafar barewar, amma ba ta bukaci gani ba.

Abin da ya karya Ranulf shi ne ƙaryarsa. Ba Kelmar kaɗai ya gaya wa Sarki ya mutu ba, har da nasa mayaƙan, kuma da yawansu don haka suka biyo shi. Da suka ɗaga kai suka ga tutar da aka ce ta faɗi tana saukowa kansu, sai masu gungume suka yar da shi. Wasu suka zubar da garkuwa suka faɗa kogi, wasu suka durƙusa inda suke. Kafin la'asar an kama Ranulf a bakin mashigi, sulkensa cike da laka. A cikin wannan hayaniya kukan jaririya ya tashi a fada.

Sarki Turstan ya shigo da ƙurar hanya a jikinsa, ya taka da gudu har bakin ɗakin matarsa, sannan ya ja birki a dokin ƙofa kamar kowa. Yana tsaye a nan aka kawo Sibila tsakanin dakaru biyu. Ta rame, gashinta a kwance, kanta a sunkuye. Hakiman da suka so a kawo gatari kwana uku da suka wuce su ne yau suka fi kowa ɗaga murya, suna cewa matar maci amana kurkuku ne makomarta.

Ƙofa ta buɗe. Hawisa ta fito, ba ta gaida kowa ba, ta ratsa tsakanin dakarun, ta cafke wuyan hannun 'yarta.

Ta ce, "Ana bukatar hannu a ciki."

Ta ja ta suka tsallake dokin ƙofa, ta maida ƙyaure ta rufe. Dakarun suka dubi Sarki. Sarki ya ɗaga kafaɗa ya ce shi ma bai isa ya bi ta ba. Daga nan muryar Idoniya, a gajiye, ta fito ta bayan katako ta ba su hujjar da ta yi alkawari, tun daga ranar da aka ɗinka ƙafar har zuwa yau. Sarki ya sa aka sauko da tutarsa daga kan sanda, aka shimfiɗa a ƙasa. Manyan Kelmar suka sunkuya suna kallon gurguwar barewar da suka yi shekaru suna bi zuwa yaƙi. Waziri Godrik ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da fasassun hannayensa.

A cikin ɗaki kuwa Sibila tana tsaye a gefen gado, ta kasa duban uwarta. Hawisa ta ɗauko tutar ƙaryar daga cikin akwati, ta kai ta bakin taga, ta juya bayanta, ta daɗe tana bin zaren da yatsa. Sibila ta haɗe hannuwa a gaba kamar yadda take yi tun tana yarinya, tana jiran a ce mata babu laifi.

Hawisa ta ce, "Ya yi kyau, Sibila." Ta ninke ƙyallen a hankali. "Tun kina shekara tara yake yin kyau. Ni ce ban faɗa ba."

Sibila, wadda ta yi wata guda a sansanin Ranulf ba ta zubar da hawaye ko sau ɗaya ba, ta durƙusa ta cusa fuskarta a cikin zanen uwarta.